Ranar da Sarki Ya Manta Layarsa

An yi wani sarki da ake kira Lord British, ƙasarsa kuwa sunanta Britannia. Ba a zuwa ƙasar nan a mota ko a jirgi, sai ta layin tarho da kwamfuta. Sarkin yana da wani sunan na daban wanda yake karɓar albashi da shi, wato Richard Garriott, mutumin Texas ta Amurka, ɗan wani ɗan sama-jannati. A Ingila aka haife shi a 1961, amma ba haihuwar ce ta ba shi laƙabin ba. Yara 'yan'uwansa ne a wani kwas na kwamfuta suka ji gaisuwarsa ta yi musu kama da ta Turawan Ingila, suka sa masa British, sunan ya bi shi har girma. Tun yana saurayi yake ƙera wasannin kwamfuta, yana zuba faifai a leda ana sayarwa, har a 1983 shi da ɗan'uwansa Robert da wasu suka kafa kamfanin Origin Systems. Kusan duk wasan da ya fitar a jerin Ultima sai ya ɗora kansa a gadon sarauta, daga baya ma ya tsara wa talakawansa kyawawan halaye takwas da za su riƙe, cikinsu har da gaskiya da adalci da tawali'u.

Da yake shi ya gina ƙasar da hannunsa, sai ya ɗaura wa kansa wata laya wadda ba ta barin takobi ko mashi ko sihiri su taɓa shi. Su kuwa talakawa, tun da suka ji an ce sarki ba ya mutuwa, sai suka mai da neman hanyar kashe shi sana'a. A Ultima ta uku suka gano cewa igwar jirgin ruwa tana kayar da shi. A ta bakwai ma'aikatansa da kansu suka saka wani allo a saman ƙofa wanda yake faɗo masa a ka, don tunawa da wani ƙarfe da ya taɓa faɗo wa maigidan nasu a ka a ofis. Amma duk wannan a cikin ɗaki ake yinsa, mutum shi kaɗai da kwamfutarsa. Sarkin da ya mutu a ɗakin wannan yana nan da ransa a ɗakin maƙwabcinsa, ba wanda ya gani balle a yi dariya.

Ana nan, sai sarki ya ce zai buɗe ƙasar ga dubban mutane su zauna a cikinta lokaci guda, su yi kasuwa, su yi faɗa, su gina gidaje. Aka sa wa wannan aiki suna Ultima Online. Manyan kamfanin Electronic Arts, waɗanda suka sayi Origin tun 1992, ba su ga alamar riba a ciki ba, sai da aka yi shelar gwaji aka ce mai so ya aiko da 'yan daloli a aika masa faifai, mutum kimanin 50,000 suka amsa. Nan fa manya suka gyara zama. A tsakiyar 1997 aka buɗe ƙofar gwaji, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne mai nauyi: ƙasar sabuwa ce, gininta ɗanye ne, duk wanda ya ga ɓaraka ya kai rahoto fada a toshe kafin ranar buɗewa. Ɓaraka kuwa iri-iri ce. Akwai bangon da in ka jingina da shi ta wata kusurwa sai ka tsinci kanka a cikin gidan mutane, akwai lungun da za ka tsaya ka yi ta harbin dodo shi ba ya isa gare ka, akwai kayan da in ka juya su ta wata hanya ɗaya ya zama biyu.

Masu ba da labari sun ce a cikin waɗanda suka shiga akwai wani maƙeri. Ba a riƙe sunansa ba, don mai bin doka ba kasafai sunansa yake zama labari ba. Da rana yana aikinsa na duniya, da dare in mutanen gida sun gama da tarho sai ya ja layin ya shiga Britannia, ya ɗauki diga ya nufi duwatsun Minoc haƙar tama. Ya narka, ya ƙera takubba da sulke, ya kai birni ya sayar. Sau da yawa 'yan fashi kan tare shi a hanya su kashe shi. Mutuwa a ƙasar nan ba ƙarshe ba ce, asara ce: mutum ya zama fatalwa, duniya ta koma masa fari da baƙi, ya yi ta yawo har ya sami mai magani ya tashe shi, kafin ya komo wurin gawarsa an kwashe komai har diga. In fashin na ƙarfi ne, maƙeri yakan haƙura, ya ce dokar daji ce. In kuwa ya lura da ɓaraka aka ci shi, sai ya zauna ya rubuta ƙara dalla-dalla, ya aika fada, ya koma bakin zuga-zuginsa yana jira. Ma'aikatan fada kaɗan ne, ƙararraki kuwa sun yi tsibi.

Yana da aboki masunci, wanda ba ya rubuta wa kowa komai. Shi dai ya jefa ƙugiyarsa ya yi hira. Masunci yakan yi wa maƙeri tsiya, ya ce ya zama magatakardan da ba a naɗa ba, wanda ba albashi ba rawani.

Su kansu masu ƙasar ba su gama sanin irin mutanen da suka gayyato ba. Garriott yakan ba da labarin yadda suka wahala suka tsara dajin Britannia, ciyawa ta ciyar da zomo da barewa, su kuma su ciyar da kyarkeci, komai da ma'auninsa, sai jama'a suka shigo suka karkashe duk abin da ke motsi kafin ya hayayyafa, har aka haƙura aka cire tsarin. Fadar da ta ga wannan ya kamata ta riƙa duba layar sarki sau biyu.

A watan Agusta na shekarar aka yi shela cewa sarki zai fito ya gaisa da jama'a. Gaisuwar sunan taro ce kawai. Abin da fada take so shi ne ta tara mutane maƙil a wuri guda ta ga ko babbar na'urar da ke ɗauke da ƙasar za ta jure. Jama'a suka yi dafifi. Maƙeri ya saka sulkensa mafi kyau, wanda ya ƙera bai sayar ba, ya ja masunci suka tafi. Sarki ya bayyana a saman ganuwa, a gefensa Lord Blackthorn, wanda a ofis ake kira Starr Long, ɗaya daga cikin jagororin aikin, ga wawayen sarki biyu a bayansu.

Abu biyu sun faru kafin wannan tsayuwa, kuma ba wanda ya haɗa su a ransa. Na farko, na'ura ta faɗi an tashe ta, ita kuwa layar sarki ba ta ɗaure kanta: duk sanda aka tashi na'ura sai an sake rubuta umarninta da hannu. Sarki ya manta. Na biyu, cunkoso ya sa komai yana tafiyar hawainiya, sai aka sallami dogarai don a rage wa na'ura nauyi. Dogaran Britannia ba mutane ba ne, na'ura ce ke tafiyar da su, kuma a ranar da suke aiki, da an kama mutum da hannu a jakar wani a cikin gari sai su bayyana su sare shi nan take.

A cikin taron akwai wani ɗan sane mai suna Rainz. Bai iya sihiri ba, bai zo da makamin kirki ba, abin da ya ƙware a kai shi ne lalube. Sata kuwa sana'a ce a cikin jerin sana'o'in ƙasar, fada ce ta rubuta ta kusa da ƙira da su da ɗinki. Da ya ga ba dogari, sai ya bi jakunkunan mutane ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da wata takardar sihiri wadda in an karanta ta take tayar da katangar wuta. Ya zare ta, ya karanta, ya jefa wutar saman ganuwa inda manya suke tsaye. Shi da bakinsa daga baya ya ce bai zaci za ta yi wani abu ba, kuma da farko har wani ya yi masa ba'a a kan ya yi ƙoƙari.

Sarki ya ga wuta ya ja da baya, kamar yadda kowane mai rai zai yi. Sai ya tuna shi ne Lord British, kuma idanun jama'a suna kallonsa. Ya tako gaba, ya shiga tsakiyar wutar don talakawa su ga abin da ake nufi da sarauta. Ya faɗi matacce.

Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan ya rikice. Sarki ya zama fatalwa kamar kowa, kuma fatalwa a ƙasar nan in ta yi magana, masu rai ba sa ganin komai sai gunji marar ma'ana. Mai ƙasa da kansa yana tsaye kusa da gawarsa ba shi da bakin tsawatarwa. A ofishin Origin da ke Austin aka shiga tambayar juna wa ya jefa, ba wanda ya sani, don mutane sun yi yawa, kowa yana motsi. Garriott bai ɓoye abin da ya biyo baya ba in yana ba da labarin: magana ta bi baki a cikin ofis cewa a kashe su duka. Aka saki manyan dodanni a tsakiyar jama'a. Dodo kuwa ba ya tambayar wa ya karanta takarda. Maƙeri yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa, da sulkensa na zuwa gaisuwa. Masunci ya ruga bai yi nisa ba.

Da ƙura ta lafa sunan Rainz ya fito, ya zagaya ƙasar fiye da sunan sarki. Yanzu magana ta dawo gaban fada, kuma ba ƙaramar magana ba ce. In an ce a hukunta shi don kisan sarki, da wace doka? Satar da ya yi sana'a ce halattacciya a ƙasar. Takardar wuta ta yi aikin da aka rubuta ta ta yi, ba ƙari ba ragi. Dogarai fada ce ta sallame su, laya kuwa mai ita ne ya manta. In kuma an ce a ƙyale shi, saura makonni kaɗan a buɗe ƙasar ga masu biyan kuɗi, ga dubban matasa sun ga yadda ake yin suna a dare ɗaya. Fada ba ta son a ce ta yi fushi, ba ta kuma son a ce ta yi laushi.

Sai aka buɗe kundinsa. A ciki aka tarar da ƙararrakin da mutane suka kai a kansa tun kafin ranar wuta, aka kuma ce ya sha gano ɓaraka ya ci moriyarta bai kai rahoto ba, alhali don kai rahoton aka ba shi izinin shiga. A kan wannan aka rufe asusunsa aka kore shi daga gwajin. Origin ta fito ta faɗa a fili cewa ba don ya kashe sarki ba ne, tsofaffin laifuffukansa ne suka fito da hankali ya koma kansa.

Jama'a da yawa ba su karɓi wannan bayani ba. Masu gwaji suka yi ta ƙorafi, wasu a kan korar, wasu a kan dodannin da aka sakar wa marasa laifi. Da dare masunci ya sami maƙeri a maƙera yana ƙera sabuwar guduma da aron ƙarfe, ya zauna ya buɗe zancen. Ya ce shi a ganinsa rawani ya kamata a naɗa wa yaron nan. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wanda ya gina bangon shi ya san da me ya kwaɓa ƙasarsa. An tara mutane an ce su nemo inda gini ya yi rauni, ga wanda ya nemo rauni mafi girma ya nuna shi a gaban kowa, ba a ɓoye ba, sai a saka masa da kora? Ya ƙara da cewa duk abin da aka tara a gwajin nan za a share shi kafin ranar buɗewa, kuɗi da gidaje da sulke, to wa aka cuta?

Maƙeri bai ɗago ba sai da ya gama bugun da yake yi. Ya ce wa abokinsa kada ya haɗa wutar ganuwa da abin da ke cikin kundi. Wutar ganuwa kowa ya gani, kuma daga ranar ba a ƙara mantawa da layar sarki ba, wannan kam gyara ne. Amma ɓarakar da mutum ya gano ya yi shiru, ita ba a share ta ranar da za a share kuɗi. Tana nan a bango tana jiran ranar da mutane za su shigo da guminsu, shi kuma da ya san wurinta ya riga kowa. Ya ce akwai wanda ya faɗa rami bai sani ba, akwai wanda ya faɗa ya fito ya yi kururuwa a zo a cike, akwai kuma wanda ya rufe bakin ramin da tabarma ya zauna gefe yana jiran mai wucewa, kuma fadar da ta yi wa mutum ukun nan hukunci ɗaya ba ta san aikinta ba. In abin da aka ce an gani a kundi gaskiya ne, shi bai ga zalunci a korar ba.

Masunci ya ce to in haka ne me ya sa fuskarsa take a murtuke, ai sai ya yi murna an kori ɓarawo.

Maƙeri ya ajiye guduma. Ya tambaye shi, ƙararrakin nan da aka ce an tarar, kafin wuta aka rubuta su ko bayanta? Masunci ya ce kafin. Ya ce su wa suka rubuta? Masunci ya ce talakawa irinsu. Ya ce to a ina suke kwance duk tsawon lokacin nan, kuma da sarki ya tuna layarsa ran nan, yau wa zai san da su? Masunci bai amsa ba. Maƙeri ya ce saura tambaya ɗaya: shi da ya je gaisuwa da sulkensa, bai saci takarda ba, bai jefa wuta ba, kundin wa za a buɗe a kan dodon da ya cinye shi? Masunci ya duba ƙugiyarsa ya ce dare ya yi, kifi ba ya jira.

Zancen nan nasu bai mutu ba, don duk ƙasar da aka gina irin wannan sai ta tsinci kanta a gaban shari'ar. A ranar 6 ga Yuni 2006, a wasan RuneScape, wata ɓaraka ta bar wasu 'yan wasa da ikon kai hari a cikin gari inda doka ta hana, suka yi ta kashe mutane a birnin Falador suna kwashe kayansu. Kamfanin Jagex mai wasan ya kori masu kisan har abada, amma waɗanda aka kashe ba a mayar musu da kayansu ba, kuma bayan shekara goma kamfanin da kansa ya shirya bikin tunawa da ranar. A 2012, kwanaki kaɗan da buɗe wasan Guild Wars 2, wani ɗan kasuwa na cikin wasan ya riƙa sayar da makamai a kan kashi ɗaya cikin dubu na farashinsu saboda kuskuren rubutu. ArenaNet, kamfanin da ya yi wasan, ta rufe asusu kimanin 3,000 na waɗanda suka yi ta saye suna jibgewa, sa'an nan ta sassauta, ta ce wanda ya yarda ya zubar da abin da ya tara, korarsa ta koma ta awa 72. Shi kuwa Garriott, a 2008 ya hau kumbo ya je tashar sararin samaniya ya dawo lafiya, amma har yanzu in an zauna hira da shi sai an tambaye shi wutar ganuwa.

Maƙeri bai san da wannan duka ba, don shi a 1997 yake. Aka share ƙasar kamar yadda aka alkawarta, aka buɗe ta ga kowa ranar 24 ga Satumba, kowane mutum yana biyan kusan dala 10 a wata, kuma cikin wata shida masu biya suka kai 100,000. Maƙeri ya koma Minoc da sabuwar diga, ya fara daga tushe. Ba a daɗe ba ya lura kuɗi sun yi yawa a gari. Yaran da jiya ba su da takalmi yau suna sayen gidaje, takobin da ya kwana yana ƙerawa kuɗinsa ba ya sayen abin da yake saya a da.

Wata rana yana dawowa daga haƙa, na'ura ta yi nauyi daidai lokacin da yake ƙetare wata iyaka a daji da jakar kuɗinsa a hannu. Da abubuwa suka daidaita sai ya ga jaka biyu, kowace da kuɗinta cif. Ya tsaya. Ya waiga gabas ya waiga yamma, ba kowa sai bishiyoyi. Ya kira masunci ya nuna masa. Masunci ya yi dariya har ya kusa sakin ƙugiya, ya ce yau Allah ya kashe ya ba shi, ya maimaita sau goma kawai ya sayi gida, ai rabin masu gidajen birni ta nan suka bi, kuma shi ba sarki zai taɓa ba balle a buɗe kundinsa.

Maƙeri ya daɗe a tsaye. Ya lissafa dararen da ya ɓata a dutse, da sulken da dodo ya raba shi da shi, da ƙararrakin da ya aika. Ya lissafa gidan da yake sha'awa a bakin ruwa, mai wurin kafa maƙera a tsakar gida. Sa'an nan ya tuna akwai wasu maƙeran da ba su san wannan iyakar ba, waɗanda gobe za su kai takubbansu kasuwa su tarar kuɗin da ake biyansu da shi ya ƙara zama ƙasa. Ya ajiye jaka ta biyu a gindin bishiya, inda kayan da aka yasar suke ɓacewa da kansu, ya hana masunci taɓawa, suka tsaya har ta ɓace.

Daga nan ya zauna rubuta rahoto. Ya faɗi wurin, ya faɗi lokacin, ya faɗi yadda aka yi ɗaya ta zama biyu, bai rage komai ba. A saman takardar ya rubuta cewa ga wata ɓaraka da ke karya darajar gumin talakawa. Ya karanta, ya yi shiru, ya goge. Ya sake rubutawa cewa ga wata ɓaraka da ake jin tsoron za ta iya taɓa lafiyar Mai Martaba Lord British. Ya aika, ya ɗauki digarsa.

In kun haɗu da maƙerin nan, kada ku tambaye shi ta ina jakar kuɗi za ta taɓa lafiyar sarki, don rantsuwa za ku sa shi, shi kuwa mutum ne mai gudun rantsuwa.